Ranar da na gwada babur mai ƙarfin doki 200 a hanyar Wudil

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirinmu na wannan makon saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba.

Yau ba ni da baƙo. Ni ne baƙon kaina, kuma labarin da zan ba ku ba na alfahari ba ne. Na yi kusan wata biyu ina juya shi a raina, in faɗa ko in bar shi. Daga ƙarshe na ce ai ni ne kullum nake zuwa nan ina cewa shugabanni su riƙa amsa laifinsu, to in nawa ya zo ban da hujjar ɓoyewa.

Akwai wani abokina, tun jami'a muke tare. Allah ya buɗa masa a kasuwanci, sai ya cika burin da ya daɗe da shi, ya sayi irin manyan baburan nan da muke ce wa fawa-baik. Yamaha R1, ɗan Kwatano, amma fes da shi, shuɗi. Ranar da ya kawo shi unguwa, wallahi yara har daga layi na uku suka zo kallo. Ni kuma na san kaina, tun ina sakandare nake hawan mashin. Na hau Jincheng ɗin babanmu, na hau Boxer ɗin yayana har na gaji. Don haka da ya ce, "Ranar Lahadi da safe ka zo ka ɗana," ban ma yi dogon tunani ba. Na ce ai mashin mashin ne.

To a nan kuskurena na farko yake, kuma bari in ba ku lissafin don ku gane.

Boxer ɗin da muka sani, injinsa si-si 100 ne ko sama da haka kaɗan, ƙarfinsa wajen doki 8. R1 kuwa injinsa si-si 998 ne, silinda huɗu, ƙarfinsa wajen doki 200. Nauyinsa da mai da komai kilo 200 ne da ɗan ɗoriya. Wato kusan kowane kilo ɗaya yana da doki guda da yake jan sa. Motar gida irin wadda muke gani a titi tana da ƙarfin da bai kai wannan ba, alhali nauyinta ya ninka nasa sau shida ko bakwai. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa, wajen daƙiƙa uku yake ɗauka. Giyarsa shida, amma a giya ta farko kaɗai zai iya wuce kilomita 130. Ku tsaya ku ji wannan da kyau: ba ka ma sa giya ta biyu ba, ka riga ka karya duk wata dokar gudu da ke ƙasar nan.

Ƙarshen gudunsa kuma kilomita 299 ne, shi ma don an ɗaure shi ne. A 1999 kamfanin Suzuki ya fito da Hayabusa, wanda ya haura kilomita 300 a awa. Hankalin hukumomi a Turai ya tashi, kamfanonin suka ji tsoron a kafa musu doka, sai suka yi yarjejeniya tsakaninsu cewa za su tsayar da baburansu a ƙasa da 300. Su da suke ƙera abin ma sai da suka ja masa linzami.

Ranar Lahadi na isa wajen ƙarfe bakwai. Ya ba ni hular kwanonsa, mai rufe fuska gaba ɗaya. Ban da ita ba ni da komai na kariya: wandon jins, riga mai gajeren hannu, takalmi kambas. Ba safar hannu, ba rigar fata. Lasisina ma na mota ne. Lasisin babur daban yake, rukunin A, kuma ban taɓa nemansa ba. Ya nuna mini maɓallan, ya ce akwai matakan ƙarfi, ya sa mini a mafi sauƙi. Ya maƙala mini waya a gaba don ɗaukar bidiyo, don dama niyyarmu ke nan, a samu abin ɗorawa.

Gaskiya zan faɗa muku, ba zan zo nan in ce abin ba daɗi ba. Da na tayar da shi, ƙarar ba irin ta sauran ba ce. Tun 2009 Yamaha suka sauya yadda silindojin R1 suke bugawa, don haka gurnani yake yi mai kauri, kana jin sa a ƙirjinka kafin kunnenka.

Amma a cikin gari, babur ɗin nan azaba ne. Kujerar tana da tsayi, da ƙyar yatsun ƙafata suke taɓa ƙasa. Hannayen suna can ƙasa, sai ka kwanta a kan tanki, duk nauyinka ya koma wuyan hannunka. Madubin ba abin da yake nuna maka sai gwiwar hannunka. Kan ba ya juyawa sosai, in ka zo kwana a hankali sai ka ji kamar zai kayar da kai. Da muka tsaya a danja wajen Hotoro, zafin inji ya riƙa dukan cinyata kamar na zauna kusa da murhun mai shayi. Duk tudun rage gudu sai na lallaɓa don kar cikinsa ya gogi ƙasa. Cikin minti goma na gane abu ɗaya: wannan abin ba don titinmu aka yi shi ba. Kamar ingarman doki ne aka ɗaure a cikin shago. Kuma duk wanda ya hau, abin da zai riƙa raya masa shi ne ya nemi fili ya sake shi.

Da na wuce Mariri hanya ta buɗe. Safiya ce, motoci jefi-jefi. Abokina yana bina a baya a mota. Na ce bari in ɗan murɗa totur.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ba ja yake yi ba, fizga yake yi. Na ji hannuwana suna neman zamewa, iska ta danna hular a fuskata, bishiyoyin gefen hanya suka zama kamar an shafa fenti. Sai ganinka ya tsuke, ba ka ganin gefe, sai wani ɗan rami a gabanka. Na saci kallon agogon gudun, na ga 150. Abin da ya fi ba ni tsoro yanzu in na tuna shi ne, babur ɗin ko a jikinsa. Bai girgiza ba, bai yi kuka ba. A Boxer in ka kai 80 komai rawa yake, mashin ɗin da kansa yake ce maka ya isa. Wannan kuwa a 150 ji za ka yi kamar yanzu ya farka daga barci.

Sai na hango su.

Wani dattijo ne a kan keke, ya ɗauko yarinya a baya, sun fito ta wata 'yar kafa da mutanen gari suka buɗe a tsakiyar hanya, za su tsallaka. Ya dubo wajena, na ga ya dubo. Amma abin da ya gani fitila ce 'yar ƙarama can nesa. Shekara nawa yana tsallaka hanyar nan, ya san in mashin yana wancan nisan, yana da lokacin da zai wuce har ya yi gaisuwa. Lissafinsa daidai ne, da a ce Boxer nake kai.

Bari in tsaya a nan in yi muku lissafin da na zauna na yi daga baya, don shi ne zuciyar maganar.

A gudun kilomita 50 a awa, kana cin mita 14 a kowace daƙiƙa. A 150, mita 42 kake ci. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, hannu ya kai ga birki, mutum mai hankalinsa a jiki yana cin wajen daƙiƙa ɗaya. Wato na yi tafiyar mita 42 ban ma taɓa birki ba. Sannan shi birkin, ba a ninka shi yadda muke zato. In ka ninka gudu sau uku, nisan tsayawa sau tara yake ninkuwa. Abin da zai tsaya a mita 14 a gudun 50, a kan kwalta mai kyau, sai ya nemi wajen mita 125 a gudun 150. Ku haɗa da 42 ɗin farko. Kusan mita 170 ke nan. Filin ƙwallo daga raga zuwa raga wajen mita 105 ne. Fili ɗaya da rabi har da ɗori, kafin ka tsaya. Wannan fa in babu yashi a hanyar, babu rami, tayarka ta yi ɗumi, kuma hannunka ya ƙware.

Na damƙe birkin gaba da duk ƙarfina. Na ji hannun birkin yana bugawa a yatsuna, wato na'urar ABS ce take hana tayar ƙullewa. Da babu ita, da tuni na kife. Bayan babur ɗin ya yi sama-sama. Dattijon ya gane abin da ke faruwa, ya taka feda da ƙarfi, keken ya yi tangal-tangal. Na wuce ta bayansu. Tsakanina da tayar keken, wallahi bai fi kamu biyu ba. Na ga idon yarinyar. Hijabinta ruwan toka, ta rungume jakar Islamiyya.

Can gaba na tsaya. Na kasa sa jakin babur ɗin, ƙafata rawa take. Sai da abokina ya iso ya riƙe shi sannan na sauka. Na waiga, na ga dattijon ya jingine keke a gefen hanya, ya koma tsakiyar titi ya ɗauko takalmin yarinyar ƙafa ɗaya da ya faɗi. Ya sa mata. Sannan ya tako zuwa wajenmu a hankali.

Na cire hula, na durƙusa. Na shirya jin zagi, har mari ma na shirya karɓa. Na ce, "Baba, don Allah ka yi haƙuri."

Ya dube ni, ya dubi babur ɗin. Ya ce, "Ɗana, lafiya dai? Wani ne ba lafiya a gida?"

Na ce, "A'a Baba, lafiya lau."

Ya ce, "To ina za ka?"

Na ce, "Ba ko'ina, Baba. Gwadawa nake."

Ya yi shiru. Sai ya ce, "Gwadawa. To ita wannan jikata ce, uwarta ta rasu, ita kaɗai ta bari. In za ka sake gwadawa, ka aiko a faɗa mana mu zauna a gida."

Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Ya juya ya ɗauki kekensa, ya tura shi da hannu, yarinyar tana biye da shi tana waigowa.

Ban iya komawa kan babur ɗin ba. Abokina ne ya hau, ni na ja motar. Bidiyon kuwa yana nan a wayarsa, mun kalla sau ɗaya, ba mu ɗora ba. Daga inda na murɗa totur zuwa inda na tsaya, duka bai kai rabin minti ba.

Tun ranar maganar dattijon nan take cina: ka aiko a faɗa mana. Domin da na duba, ai abin da ake yi ke nan a inda aka san darajar rai. Akwai wani tsibiri tsakanin Ingila da Ayalan, Isle of Man, inda tun 1907 ake tseren babura a kan titunan gari. Zagaye ɗaya ya kai kilomita 60. A 2023 Peter Hickman ya zagaye shi a matsakaicin gudun da ya kusa kilomita 220 a awa. Amma kafin a fara, rufe hanyar ake yi ruf. Ba mota, ba keke, ba mai tsallakawa. Ga jami'ai a kowace kwana, ga likitoci, ga jirgi mai saukar ungulu yana jira. Duk da haka sama da mahaya 260 ne suka mutu a wannan hanyar tun da aka fara. Ƙwararru ke nan, da kayan kariya tun daga kai har ƙafa. Ni kuma na fito da kambas, a hanyar da kowa yake da haƙƙi a kanta.

Shi kansa R1 ɗin, daga 2025 Yamaha sun daina sayar da na hawa titi a Turai, sai na filin tsere kawai. Dalilinsu dokokin hayaƙi ne, amma ya nuna maka inda su kansu suke ganin gidansa yake.

Kuma ba sai mun je Turai ba. Mu fa mutanen doki ne. Son gudu ba baƙo ba ne a wurinmu. Amma ku tuna yadda ake sukuwa ranar hawan Sallah: an share fili, dogarai sun kori mutane gefe, kowa ya san dawakai na zuwa. Kakanninmu sun san ba a sakin ingarma a tsakiyar kasuwa. Mu ne muka karɓi dokin ƙarfe, muka bar ladabin da ke tare da shi.

Wani zai ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda. Amma abin da na yi ranar nan ba tsautsayi ba ne, ganganci ne. Da na buge su, mutane za su zo gaisuwa su ce ƙaddara, ni kuwa na san hannuna ne ya murɗa totur. Kuma ku lura da wanda zai biya. Ni na zaɓi in hau, ina da hula a kaina. Yarinyar nan ba wanda ya tambaye ta.

Wani kuma zai ce ai masu kuɗi ne, in sun faɗi za a kai su waje. Ku tuna daren 26 ga Disamban 2017, lokacin da Yusuf, ɗan shugaban ƙasa na wancan lokacin Muhammadu Buhari, ya yi haɗari da irin wannan babur a Gwarinpa, Abuja. Ya karye a ƙafa, ya bugu a kai, aka yi masa aiki a Abuja, daga baya aka fitar da shi Jamus, sai a watan Maris na 2018 ya dawo. Allah ya ba shi lafiya, muna masa murna. Amma ka tambayi kanka, kai in ka faɗi a bayan Mariri, wa zai ɗauke ka, a cikin me, kuma nawa ne a asusunka?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne abin da ya fi kashe masu shekara 5 zuwa 29. Mu ke nan da ƙannenmu. Hukumar ta kuma ce hular kwano mai kyau, in an ɗaura ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida. Amma kun tuna da aka fara tilasta sa hular a farkon 2009, wasu 'yan acaɓa ƙoƙo suka riƙa kifawa a ka don su ruɗi jami'ai. Muka yi ta dariya. To ƙoƙon bai taɓa ruɗar kwalta ba.

A dokar hanya ta ƙasar nan, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta FRSC take aiki da ita, iyakar gudun babur kilomita 50 ne a awa, a cikin gari da kan babbar hanya. Motar gida ma 100 ne ƙarshenta, shi ma a kan babban titi mai hannu biyu. Ni na ninka nawa sau uku. Da jami'i ya kama ni, da wataƙila na zo nan ina ƙorafin an takura wa matasa.

To me nake nema? Ban ce a hana fawa-baik ba. Na san masu hawansa da yawa masu natsuwa, suna tafiya a ayari, da cikakkun kaya, ba sa wuce ƙa'ida, wasunsu ma har ayyukan taimako suke yi. Hani kuma mun ga yadda yake ƙarewa, abin ya koma dare, ya koma ɓoye.

Abin da nake roƙo, na farko ga masu baburan: kar ka ba wa abokinka makulli don kunya. Ka tambaye shi me ya taɓa hawa, ka ga lasisinsa. Wanda ya saba da si-si 100 ba ya tsallakawa zuwa 1000. Akwai na 300, akwai na 400, a bi matakala. Abokina ya so ni ne ya ba ni, amma da ya hana ni, da ya fi so na.

Na biyu, ga masu riƙe da gwamnati da masu hannu da shuni: matasan nan ba za su daina son gudu ba. A samar musu da wuri. Ko fili ne a killace, ko wata hanya ce a rufe ta na awa uku a wata, a sanar a rediyo, a kawo motar asibiti, a ce ba mai shiga sai da hula da kaya. Ƙungiyoyin mahaya su ne ya kamata su fara rubuta wannan buƙatar, mu kuma za mu tsaya musu.

Na uku, gare mu 'yan kallo. Duk bidiyon da wani ya ɗora yana tsula gudu a tsakiyar mutane, ko yana ɗaga tayar gaba a bikin abokinsa, mu ne muke biyan sa da yabo da turawa. Ni shaida ne, don wayar da ke maƙale a gabana tana cikin abin da ya murɗa totur ɗin nan. Ka wuce shi kawai, kar ka tura.

Sannan ku ajiye lambar 122 a wayarku, ita ce lambar gaggawa ta FRSC. In kun tarar da mai babur ya faɗi, kar ku fizge masa hula, kar ku ja shi ta hannu ko ƙafa in ba wuta ko mota ce za ta same shi ba, domin in wuyansa ya taɓu, jan nan ne zai ƙarasa shi. Ku tare hanya, ku kira taimako.

Na koma wajen sau biyu ina neman dattijon nan. Na tambayi masu shayi da mai faci a bakin hanyar, amma da yake ko sunansa ban tambaya ba, ban same shi ba. In akwai wanda yake sauraro daga wajajen nan, ya san wani dattijo mai keke da yake kai jikarsa Islamiyya ranar Lahadi, don Allah ya gaya masa saƙonsa ya iso, kuma ban sake gwadawa ba.

Nan za mu tsaya a wannan makon. Wanda yake da babur a gida, ko ƙani mai mafarkin saye, ya tura masa wannan. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya tsare mutane daga gare mu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.